Siriri a waje, kitse a ciki: yanda Indiyawa ke ƙoƙarin maida suga baya kafin ya zama ciwo

A shekarar 2004 mujallar likitoci ta Lancet ta buga hoton wasu likitoci biyu suna tsaye kusa da juna, ɗaya Bature ne daga Landan mai suna John Yudkin, ɗayan Ba'indiye ne daga garin Pune, Chittaranjan Yajnik. In ka haɗa tsayinsu da nauyinsu ka fitar da lissafin nan da ake cewa BMI, su biyun 22.3 gare su cif, wato a takarda babu mai ƙiba a cikinsu. Amma da aka sa su a na'urar da ke auna kitsen jiki sai na Baturen ya fito kashi 9.1 cikin 100, na Ba'indiyen kuma 21.2, ninki biyu har da ɗori. Shi Baturen dama ɗan gudun fanfalaki ne, shi kuwa Yajnik wai babban motsa jikinsa shine gudun da yake yi da safe kar ƙofar lifta ta rufe ya rasa shiga a asibiti.

Duk wanda zai yi maganar yanda babban mutum a Indiya zai dawo da sugansa daidai bayan ya fara hawa, to daga nan ya kamata ya faro, domin shawarar da ta cika duniya, wai ka rage ƙiba suga zai sauka, an ɗinka ta ne a jikin Amurkawa da mutanen Turai masu ƙiba sosai. Ba ƙarya bace, amma in ka kawo ta Chennai ko Lucknow sai ka tarar da mutumin da sikeli ke cewa lafiyarsa ƙalau, hannu siriri ƙafa siririya, sai ɗan tumbi a gaba, kuma sugansa ya riga ya kama hanya.

Yawan abun ma ya isa ya tada hankali. Babban binciken da hukumar binciken lafiya ta Indiya, ICMR, ta yi tare da cibiyar Dokta V. Mohan da ke Chennai, wanda aka auna mutum sama da 113,000 a faɗin ƙasar aka fitar da sakamakonsa a 2023, ya ƙiyasta mutum miliyan 101 na da ciwon suga, sannan wasu miliyan 136 suna matakin da ke gab da shi. A Goa da Kerala masu ciwon sun haura kashi 25 cikin 100 na manya. A Uttar Pradesh kuwa, jihar da ta fi kowace yawan jama'a, masu ciwon ba su kai kashi 5 ba amma waɗanda ke bakin ƙofa sun kai kusan 18, ka ga kenan can guguwar bata iso ba tukunna, tana tafe ne.

Shi wannan mataki na gab da ciwon suga ba ya zuwa da wata alama, ba yawan fitsari ba ƙishirwa ba rama, sai an je lab. Hanya uku ake gane shi. In aka ɗibi jininka da safe baka ci komai ba ya nuna tsakanin 100 da 125 a ma'aunin mg/dL, ka shiga, ko da yake hukumar lafiya ta duniya ita daga 110 take fara ƙirgawa. In aka baka ruwan gulukos giram 75 ka sha aka jira awa biyu jinin ya nuna 140 zuwa 199, nan ma ka shiga. Sai kuma gwajin HbA1c mai nuna matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku, shi kuma 5.7 zuwa 6.4. Wannan na ukun shi mutane suka fi so saboda ba sai ka yi azumi ba, amma a Indiya yana da matsala, ƙarancin jini na rashin sinadarin ayon yana iya ɗaga lambar ba gaira ba dalili, kuma binciken lafiyar iyali na ƙasar na 2019 zuwa 2021 ya nuna kashi 57 na matan da ke tsakanin shekara 15 da 49 suna da ƙarancin jini. Sikila da danginta su ma suna rikita shi, wanda mu nan da sikila ta yi mana yawa ya kamata mu riƙe wannan a kai. Don haka macen da aka ce mata 5.9 a Patna, wata ƙila suga ne wata ƙila jini ne ya yi ƙasa, sai an tabbatar da wani gwajin.

Abun da ya sa likitocin Indiya ba sa ɗaukar matakin da wasa shine saurin da mutanensu ke tsallakawa. An bi sawun mutane a Chennai na kusan shekara 10, waɗanda suka fara a wannan mataki kusan kashi 59 cikin 100 sun zama masu ciwon suga sosai kafin a rufe binciken. Kuma yana kama su da wuri, da yawa tun suna shekara talatin da wani abu zuwa arba'in da wani abu, lokacin da mutum ke tsakiyar neman abinci da biyan kuɗin makarantar yara.

Dalilin yana cikin ginin jikin. Sugan da ya shiga jini bayan cin abinci, mafi yawansa tsoka ce ke zuƙe shi, kuma a matsakaici mutanen kudancin Asiya tsokarsu bata kai ta Turawa ko baƙar fata ba in aka kwatanta masu tsayi ɗaya. Kitsen kuma maimakon ya kwanta a cinya ko ƙarƙashin fata sai ya taru a cikin ciki, ya lulluɓe hanji ya shiga hanta, irin wannan kitsen shine ke sa jiki ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke sa a kwashe suga daga jini. Sannan ita kanta fankiriyas ɗin, gaɓar da ke samar da insulin, tana saurin gajiya a wajensu. Yajnik ya daɗe yana bin mata masu ciki a ƙauyukan da ke kewayen Pune, ya nuna jariran ana haifarsu ƙanana, tsoka kaɗan, amma kitsen jikinsu bai ragu daidai da ƙanƙantarsu ba. Kamar ɗan ƙaramin janareton da aka siya dan kwan fitila biyu da fanka ne, sai daga baya arziki ya zo aka jona masa firij da dutsen guga. An haifi mutum a gidan da abinci ke wuya, ya girma ya koma Bengaluru yana zaune gaban kwamfuta awa tara, abinci na zuwa har ƙofa a kan babur. Shi yasa a Indiya BMI 23 an riga an kira shi nauyi ya wuce, 25 kuma ƙiba, kuma suka fi yarda da tef ɗin tela akan sikeli, namiji kar ƙugunsa ya kai santimita 90, mace kar ya kai 80.

To canza rayuwa yana aiki ko baya yi? Yana yi, amma bari mu faɗi adadin yanda yake ba yanda masu tallan manhajar rage ƙiba ke faɗa ba. A Amurka gwajin da aka fitar a 2002, mutum 3,234, an ce su rage kashi 7 na nauyinsu su yi motsa jiki minti 150 a sati, haɗarin kamuwa ya ragu da kashi 58. Finland ma 58 suka samu. Sai Dokta A. Ramachandran ya yi irinsa a Chennai ya fitar a 2006, mutum 531, aka raba su gida huɗu, wasu ba a musu komai ba sai shawarar da aka saba, wasu aka sa su tafiyar sauri minti 30 kullum da gyaran abinci, wasu aka basu maganin suga metformin kaɗan, wasu aka haɗa musu biyun. Cikin shekara uku kashi 55 na waɗanda aka bari sun kamu. Na masu canza rayuwa kashi 39. Ragin haɗari kenan na kusan 28.5, rabin na Amurka. Masu shan magani kusan haka suka samu, kuma haɗa biyun bai ƙara komai ba.

Akwai abu biyu a nan da nake ganin ana yawan tsallakewa. Na farko, ko cikin waɗanda aka taimaka ɗin, kusan 4 cikin 10 sun kamu duk da haka, saboda haka wanda ya yi iya yinsa ciwon ya zo masa ba lalaci bane. Na biyu kuma shine ya fi burge ni, mutanen Ramachandran kusan basu rage nauyi ba sam. Matsakaicin BMI ɗinsu bai kai 26 ba tun farko, na Amurkawan kuwa 34 ne, to me za su zubar? Amma duk da haka sun amfana. Ma'ana amfanin ya biyo ta wata hanyar, tsoka ta fara aiki, nauyin da ke kan fankiriyas ya ragu, ba tare da allurar sikeli ta motsa ba. Wanda duk yake hawa sikeli kullum da safe yana jin haushi a banza yake ɓata ransa in dai yana cikin irin wannan jikin.

Daga baya aka sake wani a Chennai ɗin dai, D-CLIP, aka fitar a 2016, mutum 578 masu ɗan nauyi, aka musu azuzuwa na wata huɗu akan abinci da motsa jiki, wanda sugansa bai sauka ba a ƙara masa metformin. Ragin haɗari ya kai kashi 32, amma fa kusan kashi 72 sai da aka ƙara musu maganin. Inda abun ya zama darasi shine da aka rarraba mutanen bisa irin matsalarsu. Wanda sugansa ke hawa bayan ya sha gulukos ya samu ragin kashi 31 zuwa 36, wanda kuma nasa na safe ne kaɗai ya hau, na bayan cin abinci lafiya lau, kashi 12 kacal. A Kerala ma an gwada ta hanyar ƙungiyoyin unguwa a gundumar Thiruvananthapuram, mutum 1,007, maƙwabta ne ke jagorantar maƙwabta, abu mai arha sosai kuma mutane sun ƙara cin ganye da 'ya'yan itace sun rage giya, amma bayan shekara biyu kashi 14.9 na masu shirin ne suka kamu da suga, waɗanda basa ciki kuma 17.1, bambancin, bai kai a ce tabbas shirin ne ya jawo ba. Da aka duba sai aka ga yawancin mahalartan ko dai masu sugan safe ne kaɗai ko ma sugansu bai hau ba tukunna.

Wannan ba ƙaramar magana bace domin a Indiya masu sugan safe kaɗai sune suka fi yawa a cikin miliyan 136 ɗin nan. Kuma a jiki abubuwa biyu ne daban. Sugan bayan cin abinci matsalar tsoka ce ta ƙi karɓa, tafiya da motsi suna gyara wannan kai tsaye. Sugan safe kuwa daga hanta yake, ita ce ke ta sakin suga cikin dare bata jin insulin na ce mata ya isa, ga kuma fankiriyas da bata sakin insulin ɗin farko da wuri. Tafiyar minti 30 bata cika isa ta taɓa wannan ba. Masu bincike yanzu sun fi karkata ga cewa irin waɗannan sai an rage abinci sosai har kitsen hanta ya narke, kuma ana kan gwada hakan. A ganina duk wanda aka ce masa yana gab da suga, tambayar da ya kamata ya fara yiwa likita ita ce wane iri ne nawa, kuma ba za a sani ba sai an yi gwajin shan gulukos ɗin nan mai cin awa biyu da kowa ke gudu.

Yanzu mu zo kan faranti, inda rigimar take. Kimanin kashi 62 na ƙarfin da Ba'indiye ke samu daga abinci daga sitaci da sukari yake zuwa, furotin kuwa kusan 12 ne kawai. A kudu da gabas farar shinkafa ce, safe idli ko dosa wanda shima shinkafa ce aka niƙa, rana tulin shinkafa da ɗan romo, dare haka. A arewa alkama ce, gurasarsu capati da farata, ga dankali a matsayin miya. Wani babban bincike na ƙasashe 21 da aka fitar a 2020 ya nuna masu cin farar shinkafa da yawa, giram 450 zuwa sama a rana in ta dahu, sun fi kamuwa da suga, kuma inda abun ya fi tsanani shine kudancin Asiya, haɗarin ya ƙaru da kusan kashi 60. Kakanninsu ma shinkafa suka ci, eh, amma wadda aka surfa da hannu da sauran dusarta, kuma suka wuni a gona. Injin casa na zamani yana goge ƙwayar har ta yi fari tas, abun da ya rage sitaci ne zalla mai saurin narkewa.

Gwamnati ma da hannunta a ciki ko da ba da mugun nufi ba. Tun juyin noman shekarun 1960 aka fifita shinkafa da alkama dan a kori yunwa, kuma an kore ta ɗin, sai gero da dawa da tamba suka koma abincin talaka da na ƙauye. Yau ƙarƙashin dokar wadata abinci ta 2013 kusan mutum miliyan 800 ke karɓar hatsi kilo 5 kowane wata, kuma galibi shinkafa ce da alkama. In ka ce wa lebura a Bihar ya rage shinkafa ya ƙara ƙwai da wake, ka ce masa ne ya ajiye abun da ake bashi kyauta ya je ya sayi mai tsada. Duk shawarar da bata lissafa wannan ba ta masu albashi ce.

Sai aka zo da yayin gero. Indiya ce ta tura har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 2023 shekarar gero da danginsa, kuma abun dariya bajra ɗin da ake ta yiwa talla a manyan kantunan Mumbai geronmu ne na fura, jowar dawa ce, ragi kuma tamba. Hatsi ne masu kyau, ba musu. Amma nazarin abincin da masu binciken ICMR ɗin suka fitar a 2025 ya zo da abun da bai yiwa masu talla daɗi ba, in ka cire farar shinkafa ka maye gurbinta da garin alkama mai dusa ko garin gero, amma yawan sitacin yana nan yanda yake, haɗarin bai ragu ba. Da zarar an niƙa hatsi ya yi laushi lukui, jiki na narkar da shi kusan da saurin shinkafa. Abun da ya nuna alamar taimako shine a cire ɗan kaso na sitacin, ko kashi 5 ne na abincin yini, a sa furotin na wake ko na madara a wajen. Wato yawan ne matsalar kafin irin. Mai cin capati shida na alkama ya koma shida na gero bai je ko'ina ba, wanda ya koma uku ya cika sauran wajen da wake da ganye da kindirmo shine ya motsa.

Haka batun gur, wato mazarƙwailarsu. Ana ta sayar da ita a matsayin ta masu kula da lafiya, alhali a jini kusan duk ɗaya ne da farin sukari, zuma ma haka. Ga shayi, wanda a ofis ɗin Indiya ana iya shan kofi huɗu biyar a wuni kowanne da cokali biyu na sukari da biskit a gefe, mutum bai ma lissafa shi a abinci ba. Jagorar abinci da cibiyar gina jiki ta ƙasa da ke Hyderabad ta sabunta a 2024 ta ce sukarin da ake ƙarawa kar ya wuce kashi 5 na ƙarfin abincin yini, wanda shayi uku ma sun cinye shi. Ni da za a tambaye ni wane canji ɗaya ne ya fi sauƙi kuma ba ya cin ko sisi, rage sukarin shayin nan zan nuna. Ranakun azumin Hindu ma akwai abun lura, ana barin hatsi amma a koma sabudana, wanda sitacin rogo ne tsantsa, da soyayyen dankali, sai ka ga ranar azumin ta fi ranar cin abinci ɗaga suga. Lokacin bikinsu na Diwali da bukukuwan aure kuwa ba a magana, ƙin karɓar alawa daga hannun babba rashin kunya ne.

Ƙara furotin ɗin kuma ba sauƙi kamar faɗa. Ana cewa ai suna cin dal kullum, amma dal ɗin gida yawanci ruwa ne tsululu da ɗan wake a ƙasa, ana zuba shi ne dan shinkafa ta wuce, kuma shi kansa waken fiye da rabinsa sitaci ne. Sai an yi shi da kauri an ci da yawa. A jihohi irin Rajasthan da Haryana da Gujarat inda da yawa basa cin nama, mafita ita ce kindirmo marar sukari, cukunsu da suke cewa paneer, waken soya, gyaɗa, da wake iri iri da aka jiƙa ya tsiro. A Bengal da Kerala da gaɓar teku kifi na nan, matsalar dai a daina nutsar da shi cikin mai. Ƙwai shine mafi arha ga wanda addininsa ko al'adarsa bata hana ba. Kuma duk wannan ba shawarar mutum ɗaya bace, tukunya ɗaya ake dafawa a gida, sau da yawa uwar miji ce ke da ta cewa a kicin, matar da ta dafa kuma ita ke ci a ƙarshe bayan an kwashe mai kyan. In ba a shigo da mai riƙe da ludayi cikin maganar ba, takardar da likita ya rubuta a aljihu za ta ƙare.

Motsa jiki. Kusan rabin manyan Indiya basa kai mafi ƙarancin abun da hukumar lafiya ta duniya ta ce, kuma mata sun fi maza rashin kaiwa. Masana na ƙasar tun 2012 suka ce minti 30 ɗin Turawa bai ishi jikin Ba'indiye ba, suka ba da shawarar minti 60 kullum, 30 na tafiyar sauri ko makamancinta, 15 na motsi cikin aiki, 15 na ƙarfafa tsoka. Wannan na ƙarshen shine aka fi watsarwa kuma a lissafina shine ya fi dacewa da matsalar, tunda ƙarancin tsoka na cikin tushenta. Ba sai an je jim ba, tsugunna ka tashi, dannan ƙasa, hawa bene, ɗaga jarkar ruwa, robar motsa jiki, sau biyu ko uku a sati. Yoga ma in ana yinta da gaske jiki na aiki ta shiga lissafi, ba wadda za a zauna ana numfashi kawai a tashi ba. Sannan tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan an ci abinci tana rage tsallen da suga ke yi, kuma ba baƙon abu bane a wajensu, a Maharashtra dama akwai tsohuwar al'adar taku ɗari bayan cin abinci da suke kira shatapavali, talabijin da waya ne suka kashe ta.

Amma ka je Delhi a watan Nuwamba ka ce wa mutum ya fita tafiyar safe. Hayaƙin da ke sama a lokacin ya isa ya sa a rufe makarantu, kuma wani bincike da ya bi mutum kusan 12,000 a Delhi da Chennai, aka fitar a 2023, ya danganta ita kanta gurɓatacciyar iskar da hauhawar suga. Watan Mayu kuma zafi ya haura digiri 45. Titunan ba gefen masu tafiya, mace kuma ba kowace unguwa za ta fita ita kaɗai da asuba ko bayan magariba ba. Shi yasa motsin cikin gida da na saman bene ba zaɓi na biyu bane a irin waɗannan birane.

Barci ma na ciki. Abincin dare ƙarfe 10, a kwanta da cikakken ciki, a tashi da wuri dan cunkoso, ga dubban matasa a Gurugram da Hyderabad da ke aikin dare saboda su dace da agogon Amurka. Gajeren barci da aikin dare duk an san suna rage jin insulin. Taba kuma, ko bidi ko sigari, tana ƙara haɗarin, wannan ba gardama.

Wani abu da ya ba mutane mamaki shine gwajin saƙon tes da Ramachandran ya yi da ma'aikata maza 537 a kudu maso gabashin ƙasar, aka fitar a 2013. Ba aji, ba magani, saƙo ne kawai ke shigowa waya lokaci lokaci, ka hau bene kar ka hau lifta, kar ka ci abu kana kallon talabijin, irin haka. Bayan shekara biyu kashi 18 na masu samun saƙon suka kamu, waɗanda basa samu 27. Abun da na fahimta daga nan, mutane sun san abun da ya kamata, tuni ne ke ƙaranci, sati uku bayan an fito daga wajen likita tsoro ya wuce an koma gidan jiya.

Inda tsoro yake kuwa 'yan kasuwa na nan. Ruwan karela mai ɗaci, ɗan uwan garahuninmu, da methi wato hulba da ake jiƙawa a sha da safe, kowane gida akwai mai rantsuwa da su. Hulba tana da ɗan tasiri a ƙananan gwaje gwaje, ba laifi a sa ta a abinci, amma bata goge tulin shinkafar da za a ci da rana. A 2024 sai da kotun ƙolin Indiya ta taka wa kamfanin Patanjali burki akan tallace tallacen da ke iƙirarin warkar da cututtuka har da suga, masu kamfanin suka ba da haƙuri a jaridu. A ɗaya gefen kuma akwai masu jin cewa in likita ya rubuta metformin to sun faɗi jarabawa, alhali alƙaluman D-CLIP sun nuna yawancin mutane sai da aka haɗa musu, kuma magani ne tsoho mai arha.

Dawowa daidai ɗin kanta tana yiwuwa kuma tana da daraja, a bin sawun da aka yiwa mutanen gwajin Amurka an ga wanda sugansa ya koma daidai ko sau ɗaya ne, haɗarinsa na kamuwa daga baya ya ragu da kashi 56 akan wanda bai taɓa komawa ba. Sai dai jikin da aka haife ka da shi yana nan, ƙaramar fankiriyas bata girma dan ka yi wata shida kana tafiya, in tumbin ya dawo sugan ma zai dawo. Shi yasa ake so a maimaita gwajin duk shekara ko da rizal ɗin baya ya yi kyau, a riƙa auna ƙugu, a duba hawan jini da kitsen jini tunda tare suke tafiya. Waɗanda suka fi buƙatar wannan bibiyar kuma aka fi mantawa da su sune matan da suga ya hau musu lokacin ciki, ana haihuwa ya sauka kowa ya koma kan jariri, alhali suna cikin waɗanda suka fi kowa saurin kamuwa cikin 'yan shekaru, kuma ƙa'ida ita ce a musu gwajin shan gulukos cikin sati 6 zuwa 12 bayan haihuwa sannan a ci gaba da dubawa, abun da kaɗan ne ke komawa su yi.